Manhajar da Ta Hana Goggona Ganin Likita

Sana'ata ita ce tsara fuskar manhajojin waya. Idan mutum ya buɗe manhaja, abin da idonsa zai fara gani, da inda zai danna, da girman rubutun, da abin da zai fito bayan ya danna, duk wani ne ya zauna ya tsara su. Ina cikin masu wannan aikin. Mahaifina idan abokansa suka tambaye shi abin da nake yi, cewa yake, "Aikin kwamfuta take," ya rufe zancen.

A lokacin da abin nan ya faru ina aiki a wani ƙaramin kamfani cikin garin Gombe, a saman bene, ƙasanmu masu sayar da taya ne. Ba mu da yawa. Mai kamfanin, wanda muke kira Oga, mutumin kirki ne matuƙar babu wani babba a kusa. Wata safiya ya shigo yana fara'a, ya ce mun samu aiki daga wani asibitin kuɗi. Asibitin yana da ranakun ganin masu hawan jini da ciwon suga, layin kuma ya fi ƙarfin ma'aikata. Mutane kan zo tun bayan sallar asuba su ajiye kati, wani sai azahar za a kira shi. Ana son manhajar da mutum zai zaɓi ranar ganin likita yana zaune a gidansa. Oga ya ce ni zan tsara fuskarta.

Na yi murna fiye da yadda na nuna, domin na san wannan layin. Goggona, yayar mahaifina, a can take ganin likita, ciwon suga gare ta da hawan jini. Tun rasuwar mijinta take zaune a unguwar Pantami, tana sayar da kindirmo da man shanun da dangi ke aiko mata daga ruga. Sau da yawa ni nake raka ta, ina kallonta tana gyangyaɗi a kan benci da yunwa, saboda ba a cin komai kafin awon suga. Ina so a gane wani abu tun yanzu: Goggo ba ta tsoron waya. Duk zuriyarmu babu wanda ya kai ta tura saƙon murya. Takan karanta Hausar boko a hankali, tana bin layi da yatsa, ajami kuwa ko da rabin ido. Idon ne dai ciwon ya fara taɓawa.

Kafin in zana komai, sai na koma asibitin na zauna a ɗakin jira, ba don ina ciwo ba. Akwai wata nas da ta daɗe a wurin, Batangaliya ce, kowa Sista yake kiranta. Na gaya mata abin da ya kawo ni, ta nuna min gefen benci ta ce, "Zauna ki kalla, amma kada ki tare min hanya."

Na zauna ina kallon hannuwan mutane. Wayoyi ƙanana, gilashin ya tsage, wata an ɗaure ta da roba. Wani dattijo yana miƙa hannu can nesa kafin ya ga lambar mai kiransa. Wata mata tana danna abu sau uku da ƙarfi, saboda ciwon suga ya kashe mata kan yatsu, ba ta jin ta taɓa. Na yi hira da wani tsohon hedimasta da ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma ya ce ƙananan rubutu yanzu kamar tururuwa yake ganinsu. Kusan kowa ya ce min wayarsa ta cika, kusan kowa kuma data kaɗan-kaɗan yake saya, yana kashe ta da zarar ya gama abin da zai yi.

Da na koma ofis na zana abu mai sauƙi. Kana buɗewa za ka ga manyan madannai uku, baƙin rubutu a kan fari: "Ina son ganin likita," da "Yaushe ne ranata?" da "Kira asibiti." Kowanne da ɗan hoto a gefensa, da alamar lasifika, in ka taɓa murya ta karanta maka da Hausa ko Fulatanci ko Turanci. Lambar waya kawai ake buƙata don shiga. Na daɗe ina tunanin yadda manhajar za ta yi wa mutum magana, ko "ka" ko "ki," daga baya na zaɓi "ku," yadda ake yi wa manya, tunda yawancinsu sun haife ni.

Na kai wa Goggo gwaji a wayata. Muna zaune a tabarma a tsakar gidanta, ta goge hannu da zani, ta karɓa. Ta zaɓi rana ba tare da na ce mata komai ba. Sai ta tsaya a kan wani jan madanni, ta kai yatsa tana haɗa baƙi.

"So-ke," ta karanta. Ta ɗago ta dube ni. "Wa za a soke? Allura ce?"

Na yi dariya har da hawaye. A ofis mu duka mun karanta kalmar, babu wanda ya tuna cewa a asibiti "soke" tsini ne. Na mayar da ita "Ba zan samu zuwa ba," na kuma sa idan an danna, manhajar ta tambaya da manyan baƙaƙe, "Kun tabbata ba za ku zo ranar Talata ba?" Goggo ta sake gwadawa ta ce, "Yawwa, ɓingel am, yanzu ta yi maganar mutane." Haka take ce min da Fulatanci tun ina ƙarama, wato ɗiyata.

Mai asibitin tsohon likita ne, ƙarfinsa ya ja baya, ya bar wa ɗansa tafiyar da komai. Ɗan bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, ma'aikata Manaja suke ce masa. Shi muka je nuna wa aikin a gidansu da ke GRA, ni da Oga. Falon da sanyi kamar cikin firiji. Aka kawo mana lemo. Na miƙa masa wayar da ke ɗauke da gwajin, ya riƙe ta da yatsu biyu, ya duba, ya ja sama ya ga babu komai a ƙasa.

"Shi ke nan?" ya tambayi Oga, ba ni ba.

"Yallaɓai, ita ta tsara, za ta yi bayani," in ji Oga.

"Malama, wannan ai kamar littafin 'yan aji ɗaya ne. Ta yaya zan nuna wa abokaina wannan in ce na asibitinmu ne?"

Na ce, "Yallaɓai, ba abokanka za su yi amfani da ita ba. Na zauna da masu zuwa asibitin, yawancinsu dattawa ne, idonsu ya raunana, wasu..."

Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya zaro tasa wayar, wata doguwa mai ƙyalli, ya fara nuna mana manhajojin da yake so tamu ta yi kama da su. Da an buɗe, bidiyon ginin asibitin ya fara fitowa, wanda aka ɗauka daga sama, da kiɗa a hankali. Rubutu siriri, ruwan toka a kan fari, shi ne na zamani. A cire kalmomin da ke kan madannai, 'yan alamomi sun isa. Komai ya koma ƙarƙashin 'yar alamar nan mai layuka uku da ake ɓoyewa a kusurwa. Turanci zalla, in ya so daga baya a duba maganar Hausa. Shiga kuwa sai da imel da kalmar sirri mai babban baƙi da lamba da alama.

Na ce masa bidiyon zai cinye datar mutane kafin su ga komai. Ya ce to su sayi data. Na ce Goggona ba ta da imel, kuma ba na jin rabin mutanen bencin nan suna da shi. Ya ce wannan dama ce su buɗe. Sai ya zo kan tambayar nan ta "Kun tabbata," ya yamutsa fuska.

"Wannan ɓata lokaci ne. A wayata in ina son goge abu, jan shi nake gefe ya tafi. Haka nake so. A ja gefe, ranar ta goge."

Na ce, "Yallaɓai, mutumin da ba ya jin kan yatsunsa zai ja abu gefe sau goma bai sani ba. Don Allah ko me za a cire, a bar wannan."

Ya yi murmushi ya dubi Oga. "Ma'aikaciyarka tana da zafi."

Oga ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi a ofis ba, ya ce, "Yallaɓai, duk za a gyara yadda kake so."

A mota ban yi shiru ba. Na ce wa Oga ya san abin da aka ce mu yi ba zai yi aiki ba, shi da kansa ya yaba zanen jiya. Ya ce ya sani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce wannan mai ɗakin bai taɓa kwana a cikinsa ba, ko minti biyar bai taɓa yi a kan bencin asibitinsu ba. Oga ya ƙara sautin rediyo.

Washegari na ce masa zan canza kala, zan sa hoton ginin, zan yi duk kwalliyar da ake so, amma ba zan cire Hausa ba, ba zan kuma zana abin da zai goge wa mara lafiya ranarsa ba tare da an tambaye shi ba. Ya ce to, ya gode. Ya karɓe aikin ya ba wani abokin aikinmu, ni kuma aka mayar da ni zana katin gayyatar biki da tallan makarantu. Abokin aikin bai yi gardama ba, yana da iyali, ban kuma riƙe shi a zuciya ba. Ya sauko da wani tsari daga intanet, wanda aka riga aka zana wa mutanen wata ƙasa, ya liƙa sunan asibitin. Kujerarsa tana kusa da tawa, kullum ina jin kiɗan bidiyon nan yana tashi, ina cije baki.

Da farko na yi zaton abin zai tsaya a kwalliya, wanda ya iya ya yi, wanda bai iya ba ya bi layi yadda ya saba. Ashe ban san Manaja ba. Da damina ta faɗi aka kafa sanarwa a ƙofar asibitin cewa daga yanzu masu hawan jini da suga ba za a gan su ba sai sun zaɓi rana ta manhaja. Aka daina karɓar kati da asuba. Lambar da ake kira a da, aka ce an rufe ta.

Na je Pantami na saukar wa Goggo manhajar. Wayarta ta ce babu wuri. Muka zauna muna zaɓen abin da za a goge: hotunan sunan jikanta, karatun da take saurare da safe, saƙonnin muryar ƙanwarta da ke aure a nesa. Tana cewa, "Goge wannan, bar wancan," ni kuwa kowane ɗaya na goge sai in ji kamar in yi jifa da wayar, don na san bidiyon gini ne zai zauna a wurinsu. Na buɗe mata imel ɗin da ba za ta taɓa dubawa ba. Na ƙirƙiro kalmar sirri. Na zaɓa mata ranar Talata, da awon suga. Na nuna mata inda za ta duba ranar, na ce kada ta taɓa komai bayan wannan.

Ba ta kuwa taɓa komai ba, a iya saninta. Daga baya ne muka gane yadda aka yi. Ranar Litinin da la'asar ta buɗe don ta tabbatar gobe ne. Ta gama juye kindirmo, ɗan maiƙo ya shafi gilashin, rubutun kuma dama da ƙyar take ganinsa. Sai ta sa tafin hannu ta share fuskar wayar, yadda kowa yake yi. Sharewar nan ita ce jan gefe. Ranarta ta goge. Wata 'yar kalmar Turanci ta leƙo a ƙasa ta ɓace, babu ƙara, babu tambaya. Goggo ta ajiye waya ta tashi alwala.

Ranar Talata ta tashi ba ta karya ba. Ta sha magungunanta na safe yadda ta saba, ta tari napep cikin yayyafi ta tafi. Ni ina ofis, na ce mata ba sai na raka ta ba tunda yanzu babu jira. A teburin karɓar baƙi aka duba aka ce sunanta ba ya ciki. Ta ce ɗiyarta ce ta zaɓa mata da hannunta. Aka sake dubawa aka ce, "Hajiya, ke kika soke jiya da yamma, an ba wani gurbin." Ta rantse ba ta soke komai ba. Aka juya mata kwamfuta ta gani, kamar za ta iya karantawa. Aka ce ta koma gida ta zaɓi wata ranar.

Goggo ba mai hayaniya ba ce, kunyar Fulani ta yi mata yawa. Ba ta kira ni ba, wai kada ta tayar min da hankali a wurin aiki. Ta nemi gefen benci ta zauna, a tunaninta in an gama da kowa za a tausaya a gan ta. Ba ta kuma ci komai ba, kada a kira ta awon ya lalace. Maganin suga yana cikinta yana aiki, ciki babu abinci.

Rana ta kusa take tsaka wayata ta yi ƙara. Lambar Goggo ce, amma muryar Sista.

"Ki zo yanzu. Ta farfaɗo, kada ki tsorata, amma ki zo."

Na same ta a kan gadon ɗakin taimakon gaggawa, mayafinta ya jiƙe da gumi, hannunta yana ɗan rawa, kofin shayi a gefenta. Sista ta ce wucewa ta zo yi ta ga ta jingina da bango tana magana ba kan gado, ta gane suganta ne ya faɗi. Wani matashin likita ya riga ya duba ta. Na riƙe hannun Goggo, sanyi ƙalau. Na karɓi wayar na buɗe manhajar. Sai da na jira bidiyon ya gama, ginin yana juyawa, kiɗa yana tashi a ɗakin da take kwance, kafin na ga abin da ya faru.

Sista ta ja ni gefe ta ce ba Goggo ce ta farko ba. Tsohon hedimastan nan ya manta kalmar sirrinsa, aka tura masa sabuwa ta imel ɗin da ɗansa ya buɗe masa kafin ya koma bakin aiki a wani gari, shi ke nan ya daina zuwa. Wasu sukan tsaya wajen masu cajin waya a bakin ƙofa, a biya su su danna musu. Ita kanta lokacin cin abincinta ya koma na zaɓa wa tsofaffi rana a wayarta. Ta ce ta faɗa a taron ma'aikata, aka ce mata kowane sabon abu sai an saba.

Muna tsaye sai ga Manaja ya biyo barandar da wasu baƙi biyu, yana nuna musu sabon fenti. Ban yi shawara da kowa ba, na tare gabansa.

"Yallaɓai, ka gane ni?"

Ya dube ni. "Ke ce ta kamfanin nan."

"Ni ce. Matar da ke kwance a ɗakin can yayar mahaifina ce. Tun jiya da dare ba ta ci abinci ba saboda awonku. Ta share gilashin wayarta da hannu, manhajarku ta goge mata rana ba ta tambaye ta ba. A falonku na roƙe ka a bar tambayar nan, ka ce ɓata lokaci ce."

Ya dubi baƙinsa, ya sassauta murya. "Malama, nan ba wurin wannan maganar ba ne. Allah ya ba ta lafiya. Amma matsalar mutanenmu ke nan, ba sa son koyo. Manhajar ba ta da laifi, sai an wayar musu da kai."

Ban san lokacin da muryata ta cika barandar ba. Na ce masa matar da yake cewa ba ta son koyo da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta koyi boko. Na ce hedimastan da ya daina zuwa ya koyar da mutanen da suka fi shi ilimi. Na ce wanda ya gina matakala a ƙofar guragu ba shi da bakin cewa ba sa son hawa. Na ce bai gina manhajar don marasa lafiya ba, ya gina ta ne don ya nuna wa abokansa, to ga abokansa nan, ya shiga da su su ga aikinta a kan gado. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Mai gadi ya matso, Sista ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Manaja ya juya da baƙinsa suka bi wata hanyar.

Na koma ɗakin. Ashe Goggo ta ji komai. Ta kama gefen hijabina ta ce a hankali, "Me ya kai ki? Ki bar mutane da abinsu. Ni ce ban iya ba. Tsufa ne, kaina ba ya ɗaukan irin waɗannan abubuwan."

Duk abin da Manaja ya faɗa bai ƙona ni kamar wannan ba. An yi abu ba daidai ba, an sani, an faɗa tun kafin a yi, ya kayar da ita, ga ta kwance tana ba shi gaskiya tana zargin kanta. Na ce, "Goggo, wallahi kin iya. Ke kika gyara min nawa." Ta girgiza kai kawai ta rufe ido. Na san mutane da yawa a garin nan da ke kallon waya suna cewa su ne ba su da kai, alhali wani ne can ya zauna a ɗaki mai sanyi ya yanke cewa yatsunsu da idanunsu da harshensu ba su cancanci a yi tunaninsu ba. Duk lokacin da na ji dattijo ya ce "ni ban iya waɗannan abubuwan ba," sai in ji abin ya taso min sabo.

Kafin in isa gidanmu a unguwar Malam Inna, Manaja ya riga ya kira Oga. Washegari Oga ya rufe ƙofar ofishinsa ya ce na zubar wa kamfani mutunci a gaban baƙi. Ya ce zaɓi biyu ne, ko in bi shi GRA in ba da haƙuri, ko in nemi wani wurin. Na tambaye shi ko za a mayar da tambayar "Kun tabbata." Ya ce ba wannan ake magana ba. Na ce ni ita nake magana. Na kwashe kayana a leda na sauko ta tsakanin tayoyi, ko sallama ban yi wa kowa ba.

Manhajar ba ta kai wata daminar ba. Mutane suka yi ta raguwa a ranakun suga da hawan jini, har maganar ta kai kunnen tsohon likitan. Sista ce ta gaya min ranar da aka cire sanarwar aka dawo da karɓar kati. Babu wanda ya ce an yi kuskure. Daga baya wata ƙawata ta je wani taron matasa masu harkar fasaha, ta ce Manaja yana cikin masu jawabi, ya ba da labarin yadda ya kawo wa Gombe abin zamani amma mutane ba su shirya ba tukuna. Ta ce an tafa masa sosai. Da ta gaya min sai da na tashi na zagaya tsakar gida kafin na iya zama.

Goggo ta koma wani asibitin da ake bin layi, can take zuwa har yanzu, ni ko ƙanena muna raka ta da abinci a jaka. Ni kuma ina karɓar ƙananan ayyuka daga gida, wani wata a samu, wani wata shiru.

Mahaifina bai ji daɗin yadda na yi ba. Ya san tsohon likitan tun suna samari, sukan haɗu a ɗaurin aure da jana'iza. Ya kira ni ɗakinsa ya ce ya yarda an cuci yayarsa, shi ma abin ya yi masa ciwo, amma ɗiya mace ba ta ɗaga murya a kan mutum a gaban baƙinsa, kuma Gombe ƙaramin gari ne, gobe ma rana ce. Ya ce in shirya ya kai ni gidansu in ba yaron haƙuri, a wuce wurin.

Na durƙusa na ce, "Baba, duk abin da ka ce in yi zan yi. Amma ina roƙon alfarma ɗaya. Manaja ya fara zuwa Pantami ya gaishe da Goggo, ya ce mata ba laifinta ba ne. Ranar da ya je, ko a ƙafa zan tafi GRA."

Baba ya ce in tashi in tafi abina, zai yi tunani. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Manaja bai je Pantami ba.